Yashin da ke Jikin Karas

Abin da zan ba da labarinsa bai ƙare da daɗi ba, kuma gara in faɗa tun farko cewa ni na jawo shi da hannuna. Babu wanda ya zuga ni. Na zauna a teburin cin abincinmu da rana tsaka, idona biyu, na ɗauki biro na rubuta.

Sunana Goulven. Shekara ashirin da shida ke nan ina kafa tebur kowace Asabar a kasuwar manoma da ke kusa da tashar jiragen ruwa a Brest. Dankali nake sayarwa, da albasa, da kabeji fari da kore. Abin da mahaifina ya noma ke nan, kuma shi na iya, don ina da shekara goma sha biyar na bar makaranta na hau tarakta. Matata Soazig ta tsaya tare da ni a teburin har gwiwarta ta hana ta. Daga nan 'yarmu Klervi ta karɓi wurinta. Ita kaɗai muka haifa. Shekararta ashirin da huɗu, ta yi shekara biyu a makarantar aikin gona, ta dawo gida. Ranar da ta dawo da jakarta ta ce za ta yi noma tare da ni, na shiga rumbun dankali na rufe ƙofa don kada su ga fuskata. Gona ba ta da magaji sai ita. Ni ma ba ni da kowa a bayana sai ita.

Shekara uku da suka wuce aka ba wani mutum teburin da ke fuskantar nawa. Gireg sunansa, dogo mai furfura, ya ba ni shekara bakwai ko takwas. Malami ne a da, a irin makarantar da Klervi ta yi. Da ya yi ritaya sai ya sayi 'yar gona can wajen Sizun yana noman tumatir da ganyaye. Ban taɓa jin ya faɗa wa kowa baƙar magana ba. Kullum shi ke fara gaishe ni. Da mugu ne da abin ya zo mini da sauƙi.

Klervi ta fara da kai masa kofi idan ta sayo namu. Daga baya sai ta riƙa tsayawa ta sha nata a can. Ina nan ina auna wa tsofaffin mata dankali, ina hango su ta tsakanin kawunan mutane. Ya ɗauki tumatir ya juya shi yana nuna mata wani abu a gindinsa, ita kuma ta sunkuya tana kallo kamar ba ta taɓa ganin tumatir ba. Sai ta yi dariya, irin dariyar da take buɗe baki duka. Na daɗe ban ji ta a gidana ba.

Kawu take kiransa. Ba ta da kawu, don ni da Soazig duk ba mu da 'yan'uwa maza. Ita ta nemo nata.

Loeiz mai kifi, wanda teburinsa ke hannuna na hagu, ba ya ganin abu ya ƙyale.

"Goulven, 'yarka ta sake tsallaka ruwa," in ji shi, yana kankare ɓawon kifi. "Ka yi mata fasfo mana, ta huta."

"Ka ji da ƙudajenka."

"Ni ƙudajena ba sa zuwa teburin maƙwabci. Kai, malamin nan fa ya iya magana. Ni kaina in na saurare shi sai in ji kamar in bar teku in koma shuka latas."

"To wa ya riƙe ka? Kifin ma zai gode."

Ya kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Amma da Klervi ta dawo tana cewa, "Baba, ka san Kawu ya ce ciwon da ke kama ganyen dankalinmu..." ban bar ta ta ƙarasa ba. Na ce mata ga layi nan yana jira.

A lokacin sanyin bara ta zo mini da littafin masu sayar da iri, ta shimfiɗa shi kusa da farantina. Karas ne a ciki, wani rawaya, wani fari, wani shunayya kamar an tsoma shi a rini.

"Kunya huɗu kawai, Baba. A ƙarshen gona, inda ba ka sa komai."

"Wa ya ba ki littafin nan?"

"Me ya sa kake tambaya?"

"Na ga an ja layi da jan biro. Malamai ne ke yin haka."

Soazig ta ɗago daga wanke-wanke ta harare ni, na yi kamar ban gani ba.

"Ƙasarmu ba ta karas ba ce," na ce. "Ta yi nauyi, zai fito a karkace. Kuma mutanen da ke zuwa teburina abinci suke nema, ba kwalliya ba."

Maganar ƙasa gaskiya ce. Sauran kuwa na faɗa ne saboda jan biron nan. Ta naɗe littafin ta tashi, ba ta sake tayar da zancen ba.

Da sanyi ya fara raguwa sai ta tsiri fita kowace Talata da Alhamis bayan abincin rana. Ta ɗauki ƙaramar motar uwarta, ba ta dawowa sai yamma, takalminta a ɗaure cikin leda. Na tambayi Soazig inda take zuwa.

"Yarinya ce da za ka riƙa bin sawunta?"

"Tambaya na yi."

"To ka tambaye ta. Bakinka ciwo yake?"

Ban tambaye ta ba, don a ganina na riga na san amsar. Sizun take zuwa. Ina kan tarakta ni kaɗai ina ganinta a raina cikin rumfar tumatir ɗinsa, tana ɗaure masa rassa, yana yi mata bayani da muryar nan tasa mai taushi. Na riƙa lissafin shekarunsa. Ba shi da ɗa, ba shi da mata. Wa zai bar wa gonar? Wata rana na huɗa kunya guda a karkace tun daga farko har ƙarshe ban lura ba, sai da na juyo.

Kasuwarmu tana da doka ɗaya da muke taƙama da ita. Mu ashirin da biyu ne, kowa da baƙin allonsa a gaban tebur. Abin da ka noma da hannunka, da farin alli za ka rubuta shi. In ka ɗauko wa wani manomi kayansa kana sayar masa, ba laifi, amma da rawayan alli za ka rubuta, ka sa sunansa da ƙauyensa. Wanda aka kama ya rubuta kayan wani da farin alli, sati shida ba shi ba kasuwa. Mutanen gari sun san haka, shi ya sa suke wuce manyan kantuna su zo wurinmu. Ni ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu ranar da aka kafa dokar.

Asabar ta biyu a watan Yuni, karas ya bayyana a teburin Gireg. Rawaya, fari, shunayya, an ɗaure su dami-dami da ganyensu. Kafin ƙarfe goma layi ya kai har gaban nawa teburin, mutane suna ba dankalina baya. Wani mai dafa abinci a otal ya kwashi dami goma. Klervi tana gefena tana ba da canji, amma idonta yana can, kumatunta sun yi ja.

"Ka gani ko, Baba?" ta ce a hankali.

"Na gani."

"Kwalliya ce, ko?"

Na sunkuya ina jera albasa. Abin da na ji shi ne, na hana ta kunya huɗu, shi ya ba ta.

Sati biyu ana haka. A na uku, da kasuwa ta fara watsewa Klervi ta tafi ɗauko mota, sai na tsallaka. Wannan ne karo na farko da ƙafata ta taka gaban teburinsa. Dami ɗaya ya rage.

"Goulven! Yau da rabon a ga baƙo," in ji Gireg. "Ɗauki wannan ka kai wa Soazig."

"A'a, kallo kawai nake."

Na ɗauka na juya. Miƙaƙƙe ne sambal, siriri har ƙarshe, babu lanƙwasa ko ɗaya. Na murza shi da babban yatsa. Abin da ya zubo a tafin hannuna yashi ne, fari, mai laushi, da 'yan ɓarɓashin ciyawar teku a ciki. Na taɓa wucewa ta Sizun sau ba adadi. Ƙasar can baƙa ce mai danƙo, in ta kama takalminka sai ka sa wuƙa. Tumatirinsa da latas ɗinsa dukansu da ita suke zuwa a gindin akwati. Karas ɗin nan bai taɓa kwana a Sizun ba. Na ɗaga ido na dubi allonsa. Da farin alli aka rubuta.

Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Ashe malamin nan saro kaya yake daga wajen masu noman bakin teku, ya zo yana yi wa 'yata burga da su. Na ajiye damin, na ce masa sun yi kyau, ya yi godiya.

Na yi tunanin in gaya wa Klervi kai tsaye. Amma na san za ta ce ƙiyayya ce. Na fi so ta ji daga bakin wani, a gaban kowa, ta juyo ta dube ni ta san wanda ya san ƙasa tsakanin ni da shi.

Ranar Litinin, Soazig ta tafi asibiti a duba gwiwarta, Klervi tana gona. Na zauna na rubuta wa Annaig, mai sayar da cuku, wadda ita ce shugabar ƙungiyarmu. A ƙa'ida ƙara sai a rubuce, da sa hannu, amma shugaba ba ta faɗin sunan mai ƙara. Sau biyu na sake takardar saboda kurakurai. Layi biyar ce duka. Na ce karas ɗin da ke teburin Gireg na yashi ne, gonarsa kuwa laka ce, a je a duba.

Annaig da wani dattijo mai zuma suka je Sizun ranar Alhamis. Ranar Asabar aka ce kowa ya tsaya bayan an tashi kasuwa.

Muka taru a ƙarƙashin rumfar Annaig, wasu a kan akwatuna, wasu a tsaye. Ana yayyafi. Tsuntsayen teku suna faɗa a kan ragowar kifin Loeiz. Annaig ta sa tabarau ta karanta takardata ba suna. Na kafa idona a kan takalmina. Na ji kalmomina sun yi ƙanana a bakinta.

"Mun je, Gireg," ta ce. "Ba mu ga karas ko ɗaya a gonarka ba. Me za ka ce?"

Ya cire hularsa. "Gaskiya ne. Ba ni na shuka ba."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Na saci kallon Klervi. Fuskarta ta yi fari fat, na ce a raina, yawwa, yanzu ta gani.

"Daga ina ka saro?"

"Ban saro ba. Na wani manomi ne, ni na sayar masa kawai."

"To ina rawayan alli? Ina sunansa?"

"Ya roƙe ni kada in sa sunansa, na yarda. Ban kyauta ba, na san doka. A yi mini abin da ya kamata."

"Wane ne shi?"

"Wannan ba zan faɗa ba, Annaig."

"Nawa ne."

Muryar daga gefena ta fito. Sai da na juya na ga ta miƙe tsaye kafin na yarda ita ce.

"Ni na shuka su," in ji Klervi. "A Kerlouan, a filin Kaka. Ni na ce wa Kawu kada ya rubuta sunana, don Baba zai gani daga teburinmu. Na so sai an gama girbi tukuna in nuna masa. Kawu ya ce mini ba daidai ba ne, har sau biyu. Ni na matsa masa."

Filin Kaka. Wani siririn fili ne a bayan tudun yashi, dab da teku, wanda uwar Soazig ta bar mata. Tarakta ba ta iya shiga, shi ya sa na yi watsi da shi tun rasuwar tsohuwar. Shekara biyar rabona da wurin. Amma kafin nan na yi shekara ashirin ina kwasar ciyawar teku ina zuba masa in ruwan tekun ya janye. Na murza yashin nan a hannuna, na gane na bakin teku ne, na gane ba na Sizun ba ne, amma ban gane na gidan matata ba ne.

"Kai jama'a!" in ji Loeiz. "Goulven, ashe kayan gidanka ne suka hana ka ciniki sati uku! Da 'yarka ake yi maka layi a gaban hanci!"

Wasu suka yi dariya. Ni ma na buɗe baki, ban san irin sautin da ya fito ba.

Mai zuma ya ce tunda abin na gida ne a bar shi ya wuce, gargaɗi ya isa. Mutum biyar ko shida suka goyi bayansa. Annaig ta girgiza kai.

"Da baki aka faɗa mini, da na ja masa kunne a gefe shi ke nan. Amma an rubuto, an sa hannu. In na ɗaga wa Gireg ƙafa yau, gobe wanda ya saro daga kasuwar 'yan sari zai ce shi ma a ɗaga masa. Sai dai in mai ƙarar ya tashi yanzu ya ce ya janye."

Ba ta dube ni ba. Ta cire tabarau tana gogewa da gefen rigarta, ta daɗe tana gogewa. Ruwa yana ɗiga daga bakin rumfa. In na tashi, Klervi za ta sani. Abin da kawai ke kaina ke nan. Na zauna.

"To, sati shida," in ji Annaig. "Daga Asabar mai zuwa."

Sati shida daga ƙarshen Yuni, wato duk watan Yuli da rabin Agusta, lokacin da baƙi ke cika gari, lokacin da tumatir ke nuna gaba ɗaya ba ya jiran kowa. Duk shekarar mai tumatir a waɗannan makonni take.

"Wa ya rubuta?" Klervi ta tambaya.

"Kin san ba a faɗa."

"Ɗaya daga cikinmu ne. Mai saye ba ya duba yashi."

Gireg ya dafa kafaɗarta. "Bari, yarinya. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba. Kuma ya san aikinsa."

Ko a wannan lokacin, da kunyar da ta rufe ni, abin da idona ya tsaya a kai shi ne hannunsa a kafaɗarta.

Muka shiga mota muka fita daga gari. Can sai ta fara. Ta ce wasu 'yan'uwa biyu ne masu sayar da ganye a ƙarshen layi, tun da daɗewa suke jin haushin Gireg. Ta ce ba za ta sake gaishe su ba. Ta kira su sunayen da ban san ta iya ba. Na riƙe sitiyari na ce mata kada ta zargi kowa ba hujja.

"Kai kullum sai ka kare mutane, Baba."

Ta share hanci. Bayan ɗan lokaci ta juyo.

"Ka yi fushi da na ɓoye maka?"

"A'a."

"To ka yi mini abu ɗaya. An hana Kawu kafa tebur, amma ba a hana wani ya sayar masa ba. Na tambayi Annaig. Mu ɗauki tumatirinsa a teburinmu, mu rubuta da rawayan alli. In ba haka ba duk ruɓewa zai yi."

Sunansa a allona. Mutane su yi layi a gaban teburina saboda tumatirinsa, 'yata tana miƙa musu tana cewa na Kawu ne. Na san amsar da ta dace. Mutumin da ya jawo masa wannan ya kamata ya ce to tun kafin ta rufe baki.

"Teburin ya yi ƙanƙanta," na ce. "Bari in yi tunani."

Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta mayar da fuskarta ga taga.

Washegari Lahadi, Klervi ta fita da wuri. Soazig tana soya wainar baƙar alkama, ta ba ni baya.

"Ranar Litinin da na dawo daga asibiti na ga takardu biyu a kwandon shara," ta ce. "Ban karanta ba, na ɗauka odar taki ce. Jiya da yarinyar nan ta gaya mini abin da aka karanta, sai na tuna."

Na ja kujera na zauna.

"Shekara talatin ina zaune da kai, Goulven. Kai kaɗai ne a ƙasar nan za ka ga abinci mai kyau ka fara duba dattin da ke jikinsa."

"Ke ma kin ɓoye mini. Kin san tana zuwa Kerlouan."

"Na sani mana! Ni na ba ta makullin rumfar da ke filin. Filina ne ko naka? Ta roƙe ka kunya huɗu, huɗu tak, ka tsaya kana binciken biro."

"Na zaci wurinsa take zuwa."

"In ma wurinsa take zuwa fa? Ɗaure ta za ka yi a ƙafar tebur?" Ta juya wainar da ƙarfi har ta yage. "Ka gaya mata kafin Asabar. In ba ka faɗa ba ni zan faɗa. Ba zan zauna ina ji tana zagin bayin Allah da ba su san hawa ba."

Ranar Talata da rana na bi ta Kerlouan. Na ajiye mota a bakin hanya na haura tudun da ƙafa, iska tana tura ni baya. Ban gane filin ba. Ƙayar da ta rufe shi duk an sare, an kafa shingen kara ta gefen teku don tare iska. Kunya goma sha huɗu na ƙirga, miƙaƙƙu, ba ciyawa ko ɗaya, an lulluɓe tsakaninsu da ciyawar teku. Duk da hannu aka yi, da fartanya da baro. Aikin mutum biyu ne, kuma na san ita kaɗai ta yi shi. Tana durƙushe a tsakiya tana cire karas tana karkaɗewa.

Ta gan ni ta miƙe, ta yi murmushi, rabin jin kunya rabin alfahari.

"To, ga shi ka gani. Faɗi abin da na yi ba daidai ba."

"Babu."

"Haba, Baba. Ko ɗaya?"

"Shi ya nuna miki yadda ake shingen nan?"

Ban san ya aka yi wannan ya fara fitowa ba. Na zo da wata magana daban a bakina.

Murmushin ya tafi. "Kawu bai taɓa zuwa nan ba. Ni ma sau biyu na taɓa zuwa gonarsa. Ranar Juma'a nake kai masa kaya a hanya. Shingen kuwa a hoton Kaka na gani, wanda ke ɗakin Mama."

Sai na faɗa. Ban iya jera shi da kyau ba. Na ce ni na rubuta wa Annaig. Na ce na ga yashi, na zaci saro su yake, na zaci yaudarar ta yake.

Ta tsaya da damin karas a hannu. Ba ta yi ihu ba, na so a ce ta yi.

"Da ka zaci yaudarata yake, me ya hana ka gaya mini? A mota ɗaya muke zuwa, a mota ɗaya muke komawa."

"Ba za ki yarda ba."

"Ka gwada?"

Na kawar da kai.

"Kuma da Annaig ta ce mai ƙara ya tashi ya janye, kana zaune kusa da ni. Kafaɗarka tana taɓa tawa." Ta nuna ni da damin. "Ka bar ni ina zagin mutane har gida. Ka ce kada in zargi kowa ba hujja."

"Tsoro na ji, Klervi."

"Tsoron me?"

"Kada ki tafi."

"Ina zan tafi? Ni da nake ta wahala a nan don in samu abin da zan ɗora a teburinmu?" Ta dubi ƙasa. "Matsa, kana taka mini kunya."

Na matsa. Ta koma ta durƙusa ta ci gaba da aikinta. Na tsaya a wurin kamar minti goma, na ce ko in kama mata ɗaurin, ta ce ta iya. Na koma mota.

Ranar Laraba na je wurin Annaig na ce na janye. Ta ce lokacin janyewa ya wuce, an yanke a gaban kowa, sai dai in kawo maganar a taron wata mai zuwa in faɗa da bakina. Na ce zan faɗa. Daga nan na wuce Sizun. Gireg yana cikin rumfar tumatir, jajaye sun cika rassa har suna faɗowa. Na gaya masa a tsaye, daga bakin ƙofa. Ya ce ya sani tun ranar da na murza karas ɗin a gabansa. Ya ce in shigo in sha ruwan tuffa. Ban shiga ba. Na ce masa ya shirya akwatunansa ranar Juma'a zan zo in ɗauka, ya yi godiya kamar alheri na yi masa. Har yanzu ban iya son mutumin nan ba, kuma ban daina jin wani abu a ƙirjina ba in na tuna yadda take kiran sunansa.

Klervi ba ta kwana a gida ba tun ranar Talata. Tana wurin wata ƙawarta a cikin gari. Ta yi wa uwarta waya sau biyu, ni ba ta neme ni ba. Soazig ta ce ta ji tana maganar wata gona a kudu da ke neman ma'aikata, amma ba ta tabbatar ko da gaske take ba.

Yau Juma'a. Na ɗauko akwati goma sha biyu daga Sizun, suna cikin mota tare da dankalina. Gobe ƙarfe shida zan kafa tebur. Ban sani ba ko za ta zo ta tsaya a gefena, kuma ban sani ba ko za ta ƙara noma tare da ni.